Mai Ratsi da Mukullin Umma

Ulaisha, Riyad
Nuwamba 2017

Assalamu alaikum Inna Turai,

Ki yafe mini, zan faɗi maganar kafin gaisuwa, don in na tsaya gaisuwa na san zan fasa. Ranar da Umma ta rasu ban yi kuka ba. Mata suka yi ta cewa Muhibba akwai tawakkali, ni kuwa ba tawakkali ba ne, hawayen ne suka ƙi zuwa. Sai ga shi watan jiya na yi kuka har numfashina yana sarƙewa, a kan wata dabba da ta mutu tun ba a haife ki ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

To, yanzu ina wuni. Ya gida, ya ƙafarki da Alhaji Maiwada ya ce tana damunki? Allah ya ƙara sauƙi. Abba lafiyarsa lau. Kuka da daddawar da kika ba Alhaji sun iso shagonsa na kasuwar Batha, mun gode. Ba ki taɓa ganina ba sai a hoto, amma Umma ta ce ke da ita kakanku ɗaya, kuma ke kika yi mata kitso ranar da za ta taho ƙasar nan. Shi ya sa na zaɓe ki. In kin ji Hausata wani iri, a kwalin littattafan soyayyar Umma na koyi rubuta ta. A baki Larabci ya fi zo mini.

A talabijin na fara ganin dabbar, daga baya na nemo ta a tsohuwar wayar Abba wadda ba layi a ciki. Larabawa na ce mata damisar Tasmaniya, wani tsibiri ne can ƙasan Ostireliya. Amma ba damisa ba ce. Kanta kamar na kare, wutsiyarta a sandare, daga tsakiyar bayanta zuwa gindin wutsiya ratsi-ratsi ne baƙaƙe kamar an ja mata kwalli. Ni Mai Ratsi nake kiranta. In ta yi hamma bakin yana buɗewa har ki tsorata. Nama take ci, tana fita farauta in rana ta faɗi, kuma an ce kunya gare ta, da ta ji mutum sai ta shige daji. Abin da ya fi taɓa ni, Inna, aljihu ne da ita a ciki. Tana haifar 'ya'yan ƙanana kamar ƙwayar wake, su rarrafa su shige aljihun, su yi watanni a ciki suna shan nono. Duk inda ta je suna tare da ita. Wai bakin aljihun baya yake kallo, ba gaba ba.

Turawa makiyaya suka je tsibirin da tumaki. Duk tunkiyar da ta mutu sai a ce Mai Ratsi ce, alhali akwai karnukan da suka gudu daji su ma suna ɓarna. Aka sa lada ga wanda ya kashe ta. Aka yi ta kashewa, aka sare dajin, har aka wayi gari saura guda ɗaya da aka sani, a gidan namun daji. Ita ce a hoton da nake kallo. Ba launi, ba sauti. Tana zuwa bangon keji ta juyo, ta je ɗaya bangon ta juyo. Wani lokaci ta tsaya ta kalli mai ɗaukar hoton, kamar za ta tambaye shi ina sauran.

A littattafan Umma kullum akwai wanda ke zuwa a shafin ƙarshe, da mota ko da wasiƙa. Ita ba wanda ya zo.

Abba na fita bayan asuba, motar kamfani ke kwasarsu zuwa Birnin Masana'antu na Biyu, sai bayan magariba. In zai fita yana kulle ƙofa ta waje, saboda benen namu ya koma na gwauraye. Da gida biyar ne na Hausawa. Tun da aka ɗora wa iyalan baƙi haraji suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙawata Bilƙisu ce ta ƙarshe, ta bar mini madubinta. Makaranta kuma tun rasuwar Umma ba mai kai ni. In na gama shara da girki sai in kunna Mai Ratsi, in yi mata hira. Jiya na kama kaina ina tafiya daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, sai na yi dariya ni kaɗai.

Zan cusa takardar nan a kwalin dabinon da Abba zai aiko miki. Ki amsa mini ko da layi biyu ne.

'Yarki,
Muhibba

*

Ɓaure
Disamba 2017

Wa alaikumus salam ɗiyar Dije,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, gero ya yi kyau bana. Dabino ya iso, Allah ya saka. Ni idona ya yi rauni, Fatsuma matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ke 'yar nan, wannan Hausa taki! Fatsuma na karantawa tana tsayawa tana cewa wallahi kamar littafi. Amma ba ki san mu ba. Mu nan in saƙon Makka ya zo, tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a kwance kwalin gaban kowa, a raba dabino, in da takarda a karanta da ƙarfi, don kada wani ya ce an ɓoye masa rabonsa. Haka ake tun zamanin uwarki. To taki ma haka aka yi. Har kawunki Sha'aban, wan Dije, yana zaune.

Da farko dariya aka yi ta yi. Yara suka ce dabba da aljihu, ko kasuwa take zuwa? Da aka zo wurin ƙofar da ake kullewa ta waje, sai dariya ta tsaya. Ni na gane. Yarinya mai kunya ba za ta fito ta ce ubana ya kulle ni ba, sai ta laɓe bayan dabba. Na yi kuka, na ce Dije na kabari, ɗiyarta na keji. Kawunki bai ko tashi daga tabarmar ba ya kira ubanki Malam Idrisu a waya. Ya gaya masa magana son ransa. Ya ce in ba zai iya riƙe ki ba ya sallamo mana ke, muna da ɗaki, muna da mutane.

Ita dabbar taki ban yi mamaki ba. Ina yarinya kura na zuwa har bayan dangarmu, in ta yi kuka awaki su yi ta fitsari. Mazan gari suka gaji, suka riƙa sa guba a mushe. Yanzu jikokina ba wanda ya taɓa jin kukanta, sun ɗauka a tatsuniya kawai take. Ni da na ƙi jininta, wani lokaci sai in ji garin ya yi shiru da yawa.

Ki kwantar da hankalinki. Kin kusa fita. Na sa an share ɗakin da Dije ta yi 'yanmatancinta.

Innarki,
Turai

*

Ulaisha
Janairu 2018

Inna, ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiyar jiki akwai.

Wayyo Inna, gaban kowa? Na karanta takardarki na ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Amma tun kafin ta iso na san an yi wani abu. Ranar da Kawu ya kira, Abba ya shigo bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Na kawo masa abinci, ya zauna yana kallon kwanon. Can ya ce, "Muhibba, ashe dabba na mayar da ke."

Na ce, "La, Abba," wato a'a.

Ya ce, "Mutanen Ɓaure sun sani, ni da nake gida ɗaya da ke ban sani ba."

Kin san ni ko a waya in aka miƙo mini gaisuwa kawai nake iyawa. Sai ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Bayan ƙaramar Salla Maiwada zai tafi, zan yi miki huruj ki bi shi."

Inna, huruj ba biza ta zuwa a dawo ba ce. Ita ce fita ta ƙarshe. In aka buga ta iƙamata ta mutu, wato takardar zamana a ƙasar nan. A nan aka haife ni, a nan Umma take kwance, amma in na fita ƙofar ta rufe a bayana.

Ban gaya miki yadda Mai Ratsi ta mutu ba. A shekarar 1936 ne. Kejin nata yana da wani ɗan ɗaki a baya inda take shiga ta kwanta. Labarin da aka fi bayarwa shi ne an bar ta a waje, ɗan ɗakin a rufe, rana ta dake ta, sanyi ya biyo baya, ta mutu. Wasu sun ce ba haka aka yi ba, Allah ne masani. Ni dai da na karanta ban ga kejin ba, ƙofar na gani, da ita tsaye a bakinta.

Ban laɓe bayan dabba ba, wallahi. Ita nake nufi. Ko dai da ni da ita, ban sani ba. Amma ban ce a ɗauke ni ba. Ɓaure a baki kawai na san ta. Ki yafe mini, na san da alheri kika share ɗakin.

Yanzu Abba ya daina kulle ƙofa. Yana fita ya bar ta haka, ni kuma sai in tura kujera in tokare, don mukulli ba a hannuna yake ba. Tsorona ya fi na da. Duk wanda ya hau bene sai na riƙe numfashi.

Don Allah wannan kada a shimfiɗa mata tabarma. Na rubuta a bayan ambulan da manyan baƙaƙe.

Muhibba

*

Ulaisha
Maris 2018

Inna, ina gaisuwa. Shiru. Abba ya ce Alhaji Maiwada na kwance a Kano ba lafiya, shi ya sa ba kaya. Ni kuma zuciyata na ce mini fushi kika yi, don na ƙi ɗakin Umma. Wannan zan ba wani ɗan ƙauyenku da zai wuce, ban san ko za ta isa ba.

Abba ya sayo akwati. Yana nan a falo, da ledarsa.

Na karanta cewa har yau akwai mutanen da ke shiga dajin tsibirin suna neman Mai Ratsi. Suna ɗaure na'urar hoto a jikin itace su tafi, su dawo bayan watanni su tarar da hoton ganye da wasu dabbobin. Wani ya rantse ya gan ta ta tsallaka titi. Ba wanda ya taɓa kawo shaida. Da ina yi musu kallon marasa aikin yi. Yanzu duk Juma'a in Abba ya dawo daga Batha hannunsa nake kallo.

Ko muryarta ba a ɗauka ba, Inna. Waɗanda suka ji sun ce kamar tari ne, kamar haushi. Ni ma muryar Umma ta fara ɓace mini. Yaya take dariya tana yarinya?

Muhibba

*

Ɓaure
Afrilu 2018

Ɗiyar Dije, amincin Allah ya tabbata gare ki. Muna lafiya sai zafi. Alhaji ya miƙe, takardunki biyu rana ɗaya suka same ni.

Ba a shimfiɗa tabarma ba. Na fizge ambulan na tura cikin zani, kawunki na cewa mene ne, na ce maganin ƙafa ne. Na ja Fatsuma bayan rumbu ta karanta mini, na ce in na ji kalma ɗaya a bakin wani, da ni da ita ne. Tana nan tana rubutawa tana harara ta.

Fushin me? Ni ce na yi gaggawa. Na ji rabin magana na ɗora tukunya. Ɗaki yana nan, ba ya guduwa, ko da furfura kika zo naki ne. Kawunki kuwa ki bar ni da shi, tun yana yawo ba wando na san shi.

Amma ki ji. Ni ba zan kira ubanki ba. Bakin Ɓaure ne ya ɓata, bakin Ɓaure ba zai gyara ba. Duk abin da muka ce masa yanzu zai ɗauka lallashi ne. Abin da ya ƙona shi ba zagin Sha'aban ba ne, cewa a nesa ya ji labarin ɗiyarsa. Kin iya zuba wa tsohuwar da ba ki taɓa gani ba magana shafi-shafi, kin iya yi wa mataccen kare mai aljihu hira, amma mutumin da ke cin tuwonki kullum kin bar shi yana zato. Haba Muhibba.

Kuma in tambaye ki. Ƙofar nan, mukulli ɗaya ne da ita? Na uwarki fa?

Dariyar Dije: ba ta da sauti. Kafaɗunta ne ke rawa, ta toshe baki da gefen mayafi, sai hawaye. In abin ya kai maƙura sai ta yi wani ɗan tari. Ana kiranta mai dariyar ɓoye. Ranar da nake mata kitson tafiya haka ta yi ta yi, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, har na ɓata layi biyu.

Innarki,
Turai

*

Ulaisha
Azumi, Mayu 2018

Assalamu alaikum Inna,

Ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Ki gaishe da Anti Fatsuma, ki ce na gode da hararar. Mu lafiya, zafin Riyad dai sai addu'a.

Na gwada dariyar a madubin Bilƙisu. Inna, haka nake yi. Ban taɓa sani ba.

Mukullin Umma yana wurin Abba. Na daɗe da sani, ban dai taɓa tunani a kai ba. Yana cikin zoben mukullansa, da ɗan jan zaren da ta ɗaura don ta riƙa bambanta shi. Zaren ya yi baƙi saboda taɓawa. Kullum mukullai biyu iri ɗaya yake yawo da su zuwa wurin aiki, ɗaya ba ya buɗe komai da shi.

Yau Juma'a, ba aiki. Bayan la'asar ina ɗaki ina jera littattafan Umma a akwati, don ya ce in tafi da su. Sai na ji ƙarar mukullai tana zuwa tana komawa. Na leƙa ta labule. Abba ne a falo da singileti, hannu a baya, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Daidai inda nake bi, har wurin da kafet ɗin ya suɗe. Rana ta shigo ta tsakanin ƙarafan taga ta zana masa layi-layi a baya. Ya je gaban akwatin ya tsaya yana kallonsa, ya juya.

Ni duk zatona ni ce ta ƙarshe a benen nan. Ban taɓa lissafa shi ba. In na tafi, wa zai yi wa Hausa in ya dawo? A wurin aiki Larabci ne da Turanci, abokansa na Batha rabi sun tafi. Zai buɗe ƙofa ya yi sallama, ba mai amsawa.

Akwai abu ɗaya a labarin Mai Ratsi da na kasa haɗiyewa. Hukumar tsibirin ta yi dokar hana kashe ta. Ta yi, Inna. Amma saura kamar wata biyu ta ƙarshen ta mutu. Mutane sun san tana ƙarewa, an yi ta jinkiri, ana cewa gobe, har takardar ta fito ba sauran wadda za ta kare. Ranar Lahadi Abba zai je wurin kafilinsa, Balaraben da zamanmu ke hannunsa, a fara maganar huruj. In na bari sai na yi ƙarfin hali, zan yi shi ne a cikin jirgi.

Na gwada da baki sau uku. Jiya da shan ruwa na ce "Abba," ya ce "Na'am," na ce "ga kunu." Bakina ba zai iya ba, na haƙura da shi. Hannuna ne ya iya magana.

Don haka ki yi haƙuri, Inna, wannan wasiƙar taki ce amma ba ke za ki fara karanta ta ba. Kullum nakan liƙe ambulan da salatif in cusa ƙasan dabino. Yau ba zan liƙe ba.

Abba, in ka kai nan, don Allah kada ka ɗago ka kalle ni sai ka gama. Ban taɓa cewa ka mayar da ni dabba ba. Na san tsoro ne ya sa kake kullewa, ni ma ina jin tsoron. Kaɗaici ne ya yi mini yawa, na rasa yadda zan gaya maka don na ga naka ya ishe ka. Ba na son tafiya yanzu. In harajin ya gagara wata rana, mu tafi tare, ko ka gaya mini gaskiya in tafi da sanina, amma ba don ka ɗauka na gaji da kai ba. Abu biyu nake roƙo. Ka bar ni in riƙa zuwa karatun mata na masallacin ƙarshen layi, Hajiya Mariamou ta Maraɗi tana wucewa ta ƙofarmu kullum da safe, ta ce za ta riƙa biyo mini. Kuma ka ba ni mukullin Umma, in riƙa kullewa ta ciki, in ka dawo in buɗe maka. Zaren ba zan cire ba.

Kuma dabbar nan, ina so in nuna maka ita. Hoton ba shi da tsawo.

Inna, ga shi yana kira daga falo, wai in kawo takardar kafin a ɗaure kaya a shagon Alhaji, yana so ya dawo kafin a sha ruwa. Ya riga ya sa takalmi, ina jin mukullan a hannunsa. Na ninke ta sau ɗaya kawai. Zan ce masa, Abba zauna tukuna.

Ki yi mini addu'a, ko da yake kafin ta iso gare ki an riga an yi komai.

'Yarki,
Muhibba